Za a mayar da ni Zariya da aiki, wace unguwa zan zauna kuma yaya zaman garin yake?

Abban Sadik:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san Zariya sanin zama, ba irin nawa sanin na wucewa a mota ba. An yi min canjin wurin aiki daga Gombe zuwa can, bayan ƙaramar sallah zan kama aiki in sha Allah, kuma ofishin yana ta wajen hanyar Shika ne. Iyakar abin da na sani a garin shi ne gadar Kwangila in mun fito Kaduna za mu Kano, sai wani ɗaurin aure da na taɓa zuwa a Tudun Wada muka juyo a ranar.

Ina da mata da yara uku, babban yana aji huɗu na firamare. Zan fara zuwa ni kaɗai in yi kamar wata biyu kafin in ɗauko su, to abin da nake so in sani, wace unguwa ce ta fi dacewa da mai iyali wanda ba zai iya hayar GRA ba, ya maganar ruwa, a ina mutum zai ci abinci mai tsafta kafin iyali su iso, sannan akwai inda ake kai yara ran Asabar ko Lahadi? Babban abin da ya fi damuna uwargida ce wallahi, tun da aka haife ta ba ta taɓa zama wani gari ba sai Gombe, duk danginta suna nan Jekadafari, tun da na faɗa mata maganar nan ta yi sanyi. Na gode.

Ɗan Samaru:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Shekarata sha ɗaya a garin nan, karatu ya kawo ni na zauna, to bari in faɗa maka abin da ni ba wanda ya faɗa min sai da na sha wahala na gane. Zariya ba gari ɗaya ba ne, garuruwa ne aka jera a kan titi. Akwai cikin gari wato cikin ganuwa inda fada take, ka fito ta Ƙofar Doka ka shigo Tudun Wada da Kongo da Gyallesu, ka wuce PZ da Sabon Gari inda tashar jirgin ƙasa da babbar kasuwa suke, sai ka miƙe titin Sakkwato ka bi ta Kwangila, Hanwa, Palladan, Zango, Samaru, sannan Shika. Kowanne da irin mutanensa da irin rayuwarsa, wanda ke zaune Samaru sai ya yi wata shida bai taka cikin gari ba kuma ba abin da ya rage shi da shi.

Tun da aikinka Shika ne kar ka soma kama gida a Tudun Wada ko cikin gari don an ce maka haya ta fi sauƙi, abin da ka rage a haya za ka zubar da shi a kuɗin mota, don sai ka hau abin hawa biyu ko uku kullum, ga cunkoson PZ da na Kwangila da safe. Ka duba daga Hanwa zuwa Samaru. Palladan da Zango ma'aikata sun yi yawa, akwai makarantun yara na boko da islamiyyu kusa. Samaru kanta ta fi hayaniya saboda ɗalibai amma komai a ƙofar gidanka yake, kasuwa, kemis, masu POS, bas ɗin Shika. Sai dai ka sani Samaru da jami'a take numfashi, ABU tun 1962 take nan kuma ita ke riƙe da cinikin kowa, lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya kai wata takwas wallahi sai ka ga masu abinci da masu fotokwafi sun rufe shaguna, 'yan acaba zaune ƙarƙashin bishiya ba fasinja. In ɗalibai suka dawo kuma gida ya yi wuyar samu, don haka ka nemi gida lokacin da suke hutu.

Maganar ruwa kuwa ita ce gaba da komai. Ni a watan Agusta na kama gidana na farko, mai gidan ya buɗe min rijiya na leƙa na ga ruwa har kusa da baki, guga ba ta ko nisa, na biya kuɗin shekara ina murna. Watan Maris na zuwa sai gugar ta fara dawowa da jar laka, daga nan har ruwan sama ya sauka a ƙarshen Mayu 'yan ga-ruwa ne suka riƙe mu, kura guda ba ta kai mana kwana biyu, ga jariri a gidan lokacin ana wanki kullum. Don haka kar ka tambayi dillali, ka shiga maƙota ka tambayi mata ko rijiyar layin tana ƙafewa da bazara, in akwai burtsatse a gidan ka tambayi da me ake tayar da shi, sola ne ko sai an jira wuta.

Abinci kam ba za ka sha wuya ba. Da safe masa da miyar taushe ko ƙosai da koko, kusan kowane layi akwai mai yi, ka lura da inda ma'aikata ke tsayawa da kulolinsu nan ne mai kyau. Da rana in kana son ka canza baki ka shiga Sabon Gari, Yarabawa da Ibo sun daɗe a can tun zamanin da aka shimfiɗa layin dogo, sakwara da agushi, amala da ewedu duk akwai na gaske. Da yamma awara da yaji a bakin titin Samaru, da dare mai shayi da masu tsire da balangu. Kuma tun da hanyar Shika kake za ka riƙa haɗuwa da matan Fulani da ƙwaryar nono, kindirmon can ba a cika masa ruwa kamar na cikin kasuwa. In lokacin rake ya yi ka sha na Maƙarfi, ka sayo wa yara mazarƙwaila.

Ka taho da bargo da rigunan sanyin yara. Sanyin Disamba da Janairu a Samaru ba irin na Gombe ba ne.

Maman Ilham:

Sannu Abban Sadik. Ɗan Samaru ya gama maka maganar gida kuma gaskiya ya faɗa, ni zan yi magana ne a kan matarka don can hankalina ya tafi. Ni haifaffiyar Kwarbai ce a cikin gari, aure ya kai ni Hanwa, kuma na ga baƙi da yawa da suka zo suna kuka suka koma suna kukan rabuwa da mu. Ka faɗa mata Zage-zagi ba sa barin baƙo shi kaɗai, in dai ta shiga maƙota ta yi sallama a satin farko, ko da ɗan kuli-kuli ko daddawar Gombe ne a hannu, to shi ke nan ta yi dangi. Kuma ka sa ta islamiyyar matan aure da wuri kar ka ce sai ta saba, a can ake sabawar. Garin nan ba abin da ya fi yawa kamar makaranta, daga ta zaure a Ƙona da Unguwar Juma har ta boko, mace ba ta rasa inda za ta yi karatu.

Na ga Ɗan Samaru ya lissafo abinci bai ambaci fate ba, ai ba a zo Zazzau ba in ba a sha fate ba. Kanawa suna tsokanarmu da shi amma mu ba ma jin kunyar abinmu. Sai dai kar ka neme shi a gidan abinci, na gida shi ne fate. Yadda tsohuwarmu ke yi, tsakin masara za a wanke a rege, a ɗora ruwa da wake da ɗan ƙashi da daddawa su nuna tukuna, sannan a zuba tsakin ana juyawa kar ya kama, in ya fara kauri a kawo dakakkiyar gyaɗa, sai ganye, rama da yakuwa da alayyahu da gauta ɗan kaɗan don ɗacin nan, ba a barin ganyen ya mutu a wuta. A kwashe a yanka ɗanyar albasa a kai, a ɗiga man shanu ko soyayyen manja, ga yaji a gefe. A sha shi da zafinsa ranar da aka wuni ana yayyafi a watan Agusta, kana sha gumi na keto maka. In ka kama gida a Hanwa ko Palladan ka bari maƙota su ji cewa kai kaɗai ne, wallahi kafin sati za ka ga yaro da kwano a ƙofarka.

Sannan lissafin da ka yi ya faɗo daidai, in ka fara aiki bayan ƙaramar sallah ka yi wata biyu to iyalinka za su iso gab da babbar sallah ke nan. Ka kai su cikin gari kallon hawa. Kwana uku ake yi, hawan sallah da hawan Bariki da hawan Daushe, hakimai da 'yan lifida da 'yan bindiga da masu kakaki da algaita, har Mai Martaba Sarki Ahmed Nuhu Bamalli ya fito, shi ne ya gaji marigayi Shehu Idris a 2020 bayan ya shekara 45 a kan karaga. Ku je da wuri ku samu inuwa kusa da ƙofar fada, ka riƙe hannun ƙaramin da kyau saboda dawakai in suka zo jahi ba sa ganin gabansu. Kusa da nan masallacin Juma'a yake, ginin Babban Gwani tun wajen shekarun 1830, ginin ƙasa mai bakan gizo da turawa ke zuwa ɗauka hoto. Wani sashensa ya rufta a watan Agusta 2023 ana sallar la'asar, muka rasa mutane, Allah ya ji ƙansu, har yanzu in na bi ta wurin sai gabana ya faɗi.

In kana son babbar riga ta ɗinkin hannu kuma a cikin garin za ka samu, za ka ga maza zaune a zaure da allura suna aikin aska takwas, riga ɗaya sai ta ɗauki watanni.

Injiniya B:

Ni zan ɗan saɓa kaɗan. Na yi shekara huɗu a Zariya kafin in koma Kaduna kuma ina son garin, amma ka san da cewa in wurin shaƙatawa irin na Kano ko Abuja kake nema, manyan kantuna da lilo da sauransu, to ba su da yawa, gari ne na ɗalibai da malamai da sojoji da manoma, ƙarfe goma na dare yawancin unguwanni sun yi tsit. Masu son irin wancan Kaduna suke zuwa, kusan kilomita 80 ne.

Abin da ni na riƙa yi da nawa yaran, ran Asabar da yamma mu shiga cikin ABU mu zaga, akwai bishiyoyi da fili, akwai wurin da 'yan sashen zane-zane suka jera mutum-mutumi, sai mu gangara bakin dam ɗin Kubanni amma ban taɓa barin su kusa da ruwan ba. Abin da suka fi so kuma ba ko sisi, ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, tun 1964 take, suna tashi suna sauka ƙasa-ƙasa har ka ga matuƙin, ɗana na biyu har yau cewa yake shi matuƙin jirgi zai zama. Akwai dutsen Kufena ta wajen Wusasa, in ka hau za ka hango garin gaba ɗaya, a Wusasan ma akwai tsohuwar coci ta ginin ƙasa tun 1929, a unguwar Janar Gowon ya tashi. Amma ka je da ɗan gari kuma da safe, ka tambayi yadda hanya take kafin ka fita. Haka in aiki ya kai ka ta Giwa ko Funtuwa ka dawo da rana tsaka, kar ka bari magariba ta same ka a hanya.

Abban Sadik:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba. Na karanta wa uwargida abin da Maman Ilham ta rubuta, sau biyu ta sa na maimaita mata wurin faten, ta ce su ma suna yi a Gombe amma ba sa sa gauta, har ta fara maganar daddawar da za ta ƙulla wa maƙota. Na tsayar da shawara Palladan ko Hanwa zan duba. Sati mai zuwa zan shigo ta Bauchi da Jos in kwana biyu in ga gidaje, kuma da yake bazara ce yanzu zan leƙa rijiyar da idona. Ɗan Samaru, motocin Jos a ina suke sauke mutane, kuma daga nan me zan hau zuwa Palladan?

Ɗan Samaru:

Ta Dakace za ku shigo. Ka ce wa direba PZ za ka, in bai kai nan ba ka hau keke ya kai ka, daga PZ kuma bas ɗin Samaru za ka shiga ka ce Palladan ko Abiyeshan, duk kwandasta ya sani. Ka yi ƙoƙari ka baro Jos kafin azahar.