Na nemi taimako da -h, kwamfuta ta ce za ta mutu

Mai gyara, Sabon Gari:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƴar rumfar gyaran kwamfuta nan Maraɗi, wata uku ke nan da na sa Ubuntu, wani tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta. Jiya ina cikin kwashe wa wata hajiya hotunan bikin ɗiyarta daga tsohon faifai, sai na buga `sudo shutdown -h` don in ga bayanin shutdown, umarnin kashe kwamfuta, tunda an ce min -h ta neman taimako ce. Sai ga rubutu wai na'ura za ta mutu nan da minti ɗaya! Gumi ya karyo min. Allah ya sa a ƙarshen layin an rubuta `shutdown -c` na sokewa. Yau na gwada `df -h`, shi kuma girman faifai ya nuna min. `man cd` ko, wato neman bayanin cd (umarnin shiga folda) a man, littafin bayanin umarnoni, babu komai. Wai wace ƙofa ce mutum zai ƙwanƙwasa a buɗe masa kullum? Da Faransanci na yi lakkwal, ga rezo sai ya ga dama.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Wa alaikumus salam yaya. Rabu da -h, kowane umarni da abin da yake nufi da ita. Riƙe `--help` mai karan biyu. Shi cd cikin bash yake zaune, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa, shi ya sa man bai da shi, sai `help cd`.

Tsohon malamin lissafi, Zariya:
Ɗana, ba laifinka ba ne, abin na ci min rai ni ma. Littafin man tun 1971 yake, zamanin Ken Thompson da Dennis Ritchie, amma umarnonin hannuwa da yawa suka rubuta su, kowa da al'adar gidansu. Duba ssh (na shiga wata kwamfuta daga nesa) da scp (na kwafe fayil zuwa can), uwa ɗaya uba ɗaya: wajen faɗin lambar ƙofar haɗi (port), ssh na son -p ƙarama, scp sai -P babba. Kuma man kashi-kashi ne: `man crontab` bayanin umarnin crontab ne, mai tsara lokacin ayyuka, `man 5 crontab` shi ke nuna yadda ake rubuta fayil ɗin jadawalinsa. In sunan umarni ya ɓace maka, ka nemo shi da `man -k` da kalma ɗaya. Ranar da rezo ya yi kyau ka sauke manpages-fr, fassarar man ta Faransanci, daga nan ba ruwanka da intanet, sai `man -L fr ls` don ganin bayanin ls, umarnin jera fayiloli, da Faransanci.

Mai gyara, Sabon Gari:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na sauke bayan sallar asuba, ls da df sun fito da Faransanci, wasu har yanzu Ingilishi ne. Hajiya ta karɓi hotunanta cif.