Neman kalma: me za mu kira "fan theory" da Hausa?

Ɗan Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Masu buga wasan kwamfuta na World of Warcraft a nan Yamai, in hira ta kai ga Shadowlands, wasu su ce "théorie des fans", wasu su ce "fan theory", Hausa kuwa ba ta da abin cewa. Ga abin da ake nufi. Kamfanin Blizzard mai wasan ya fitar da wannan kashi na Shadowlands a Nuwamba 2020, labarinsa a duniyar matattu yake. Rai in ya bar jiki sai ya isa birnin Oribos, alƙaliya Arbiter ta duba rayuwarsa, ta tura shi ɗaya daga cikin yankunan matattu, kamar Bastion, Maldraxxus, Ardenweald ko Revendreth. Sai alƙaliyar ta sume, rayuka suka riƙa kwarara kai tsaye cikin Maw, kurkukun mugayen rayuka, wurin Jailer, babban mugun labarin. Kamfani bai faɗi abin da ya sumar da ita ba, masu wasa suka tattara alamu suka ce ga dalili. Wannan aikin nasu nake nema wa suna. Na kawo uku: jita-jita, kirdado, nazariyya.

Ƴar Bukoki:
Wa alaikumus salam Yaya. A fara cire jita-jita. Ita "an ce" take ɗauka, mai yaɗa ta yana iƙirarin ya ji daga wani. Mai wannan aiki kuwa bai ji daga kowa ba, abin da ke gaban kowa ya haɗa. Dubi batun Runecarver, maƙerin nan da ke ɗaure a Torghast, hasumiyar Jailer, wanda aka kwashe wa tunani. Shugaban Maldraxxus, Primus, ya ɓace ba a san inda yake ba. Primus gwanin rubutun sihiri ne, maƙerin ma da shi yake aiki. Sannan da aka mayar wa maƙerin da wani ɓangare na tunaninsa, sai aka ga hannunsa a ƙirar takobin Frostmourne da hular Lich King, sarkin rundunar gawawwaki, aikin da ƙaramin maƙeri ba zai iya ba. Aka ce to ai Primus ne. Sabuntawar wasan mai lamba 9.1 ta Yuni 2021 ta tabbatar. Kirdado ma bai isa ba, don mai kirdado ba a tambayar sa hujja.

Malamin Wadata:
Ƴata ta yi daidai. Nazariyya kuma ta ɗakin karatu ce, ta yi wa abin nauyi. Ni ƙiyasi na gani: a auna abin da ba a sani ba da wanda aka sani. Ɗaya rabin kalmar, wato "fan", ya fi sauƙi. Kada a ce magoya baya, wannan na ɗan kokawa ne da ɗan siyasa, akwai abokin karawa. Masoya kuma ta karkata wani wajen. Ma'abota ita ce ke nuna wanda ya lizimci abu har ya san lungunansa. Ƙiyasin ma'abota ke nan.

Ɗan Adar:
Malam, Allah shi gafarta, ma'abota ta zauna, amma ina da ja a kan ƙiyasi. A kunnen almajiri kalmar fiƙihu ce, a kunnen mai sauraron rediyo kuwa ta lissafi ce, "an ƙiyasta mutum kaza". Ga shi labarin nan na matattu ne. Ni ko Shadowlands ɗin ba na yarda a ce mata lahira, ko a ce wa Maw Jahannama, ko a ce wa Oribos barzahu. Waɗannan sunayen gaskiya ne da muka yi imani da su, wasan kuwa ƙage ne na marubutan kamfani. Duniyar matattu ta wadatar, Maw kuma a ce Ramin, tunda masu bugawa da Faransanci ma "l'Antre" suke gani. In mun kiyaye wannan, bai kamata mu ɗauko kalmar malamai mu ɗora a kai ba. Hasashe nake kawowa.

Malamin Wadata:
Na karɓi gyaran game da lahira, ɗana, haka ya dace. Amma hasashe gaba yake kallo, kamar hasashen damina. Yawancin waɗannan maganganu baya suke kallo. Wa ya halicci dreadlords, shaiɗanun nan masu makirci? Wata takarda da ake tsinta a wata hasumiya a Revendreth, rahoton ɗan leƙen asiri ga ubangidansa kan yadda suka kutsa cikin manyan rundunonin sararin wasan, ita ta sa aka ce Denathrius, sarkin Revendreth, ne ya yi su, tun kafin su shiga Burning Legion, rundunar shaiɗanu. Wannan tsohon al'amari ne, ina gaban a nan?

Ƴar Bukoki:
Gaban yana nan Malam. Abin ya faru a baya cikin labari, amma bayyanarsa tana gaba, ranar da kamfani zai saki sabuntawa. Na dreadlords ya jira 9.1. Na alƙaliya ya fi daɗewa: an lura jan haske ne ya buge ta, aka tuna Argus, babban abokin gaba da masu wasa suka kashe a sansanin Antorus ƙarshen 2017, ya koma ja, aka ga lokacin ya yi daidai da fara zubewar rayuka. Sai 9.2, Fabrairu 2022, aka tabbatar ran Argus ne. Kowannensu jiran hukunci yake, ya tabbata ko ya rushe.

Inda ake ɓata kalmar wuri biyu ne. Na farko, wanda ya buɗe fayilolin wasan da kamfani ke gwadawa kafin fitarwa ya ciro muryoyi da hotunan da ba a saki ba. Wannan bai yi hasashe ba, tonon fayil ya yi, kuma yana iya yaudara, don kamfani kan kulle muhimman bidiyoyi, kan kuma sauya abu kafin fitarwa, sai mai tono ya gina magana a kan rabin zance. Na biyu, mai buri. Da yawa sun so Arthas, yariman da ya zama Lich King, ya dawo ya wanke kansa tunda an ga Uther, tsohon malaminsa, ya jefa shi cikin Ramin. Ba alamar da ta nuna zai dawo, so ne kawai. Da aka kai 9.2, ɗan guntun haske ne ya rage na ransa, ya shuɗe bayan yaƙi da sarki Anduin, wanda Jailer ya mallake. Irin wannan fatan ma'abota za a ce masa.

Ɗan Yantala:
To ƙanwata, a gwada a baki. "Hasashen ma'abota ya tabbata." "Wannan ba hasashe ba ne, tonon fayil ne." "Meye madogarar hasashenka?" Duk sun zauna. Malam, ka amince?

Malamin Wadata:
Na amince, da sharaɗi ɗaya: duk mai kawo hasashe ya faɗi madogararsa, wane yanki, wane aiki, bakin wa aka ji ta, kuma a wace sabuntawa. In babu, a mayar masa da kirdadonsa. Saura "anima", ƙarfin nan da rai ke tarawa a rayuwarsa, wanda ƙarancinsa ya busar da Ardenweald. Kada kowa ya ce mini ruhi, don ran daban, abin da ake tatsa daga gare shi daban. Ɗan Adar, me mutanen Tawa za su ce masa?