An hana ni kuɗin gaisuwa saboda bashin wata huɗu

Mazaunin Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau zan faɗi abin da ke raina. Mahaifina ya rasu a unguwar Bagalam da ke Maradi, na nemi jika ashirin na sefa da ƙungiyarmu ke ba duk mamban da aka yi wa rasuwa, sai aka ce ana bi na bashin wata huɗu, doka kuwa ta ce wanda ya wuce wata uku ya rasa haƙƙinsa. Tun kafuwar ƙungiyar nan nake zuba jika guda kowane wata. Dokar nan zalunci ce, talaka kaɗai take kamawa. Mu muna zubawa, wasu suna ci.

Ma'aji: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma ƙanena, wa ke ci? Faɗi sunansa.

Tela na Sabon Gari: Bai ce kai ba, Malam. Mi ya sa ka tsargu?

Ma'aji: Asusun a hannuna yake. In an ce ana ci, da wa ake? Littafi yana nan, kowane shiga da fita da sa hannun shugaba da na mai binciken kuɗi.

Hajiya ta Zariya: Ci iri-iri ne. Wanda aka yi wa rasuwa sau biyu ya karɓa sau biyu, shi ma ya ci, kuma halas ya ci. Ƙila abin da yaron ke nufi ke nan.

Malamin makaranta: A'a Hajiya, kada mu yi masa kwaskwarima. Bahaushe in ya ce ana cin kuɗi, sata yake nufi. Ya kawo shaida ko ya janye.

Tela na Sabon Gari: Shaida? Lemo da naman da aka saya ranar babban taro daga aljihun wa suka fito?

Ma'aji: Gudummawar Alhaji ce, ba a taɓa karo-karonku ba.

Tela na Sabon Gari: Alhajin da ban taɓa ganin ya biya kuɗin wata ba, amma kujerarsa na gaba.

Ɗan'uwan Alhaji: Ka iya bakinka. Shi mamban girmamawa ne, ba ya zaɓe, ba a zaɓensa, ba ya karɓar ko dala. Kyautarsa ta shekara guda ta fi abin da za ka zuba har ka tsufa.

Mazaunin Kano: Ni maganar wata uku nake yi. Da naira nake samu, da sefa nake biya, kun san yadda naira ta faɗi tun 2023. Abin da nake canzawa da sauƙi a da, yanzu sai na yi da gaske.

Malamin makaranta: Wa ya aike ka Kano? Mu da muke nan Nijar fetur da abinci ba su yi mana tsada ba lokacin da aka rufe iyakar Dan Isa da Jibiya?

Hajiya ta Zariya: Ku maza kun cika surutu. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata, a jihar Maradi aka fara su a 1991, akwati guda, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa duk mako, wadda ta makara ta biya tara. Ku sai shekara ta zagayo ake karanta muku lissafi a gurguje.

Ɗan'uwan Alhaji: Adashi daban, ƙungiya mai takardar izini daban, Hajiya.

Malamin makaranta: Gaskiya ne. Mu muna ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, kuma tsarin mulkinmu yana cikin takardun da aka kai wa hukuma. Ba a sauya shi don mutum guda ya yi fushi, sai babban taro ya zauna.

Tela na Sabon Gari: Taron da ake kira ranar da kowa ke kasuwa?

Ma'aji: Har yanzu ina jira a janye kalmar nan. Ina da 'ya'ya, ina da surukai a garin nan. In ba a janye ba, gobe zan kai wa shugaba littafi da makulli.

Hajiya ta Zariya: Haba Malam, a yi haƙuri. Yaron yana cikin zaman makoki.

Mazaunin Kano: Ban kira kowa ɓarawo ba. Tambayata dai, wanda ya yi shekaru yana biya, wata huɗu za su shafe masa komai?

Sakatare: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. An zargi ma'ajinmu da cin kuɗi, kuma ba wanda ya kawo shaida ko guda, don haka ya fita tsaf, muna roƙonsa ya ci gaba da riƙe amanar da ya saba. Alhaji ya cancanci godiya. Ɗan'uwanmu na Kano ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa bashi, ya biya jika huɗu ya dawo cikin sahu. Tela kuma ya zo taro na gaba da hujjarsa a rubuce. Na rufe magana.

Tela na Sabon Gari: Wa ya tsayar? Kai da ma'aji gida ɗaya kuke aure.