Neman shawara: wane baƙin mai ya dace da tsohuwar Golf 3 a zafin Kebbi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 3 mai amfani da fetur, wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Birnin Kebbi da Jega, kuma ta fara shan baƙin mai, har takan yi hayaƙi shuɗi-shuɗi idan na tayar da ita da safe. Wasu sun ce in koma 20W-50 saboda kaurinsa, wasu kuma sun ce in tsaya a kan 15W-40. Ina kuma son in riƙa yin juye da kaina a gida. Don Allah masana su taimaka mini.

Amsar wani bakanike daga Argungu: Wa alaikumus salam, Malam. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudana lokacin da inji yake da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne idan inji ya ɗauki zafi, domin a digiri 100 ake auna ta. A ƙasarmu, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, 15W-40 da 20W-50 duka suna yi wa injin wancan zamani aiki, sai dai 20W-50 ya fi rufa wa injin da ya sha jiki asiri. Amma ka sani cewa mai kauri rage hayaƙin kawai zai yi, ba zai warkar da shi ba. Hayaƙin da ke fita da safe sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe; idan kuwa ba ya yankewa a kan hanya, to a duba ringin fistin.

Wani direba daga Yauri ya ƙara da cewa: Alhaji, ni na fi jin tsoron jabu fiye da lamba. Ka sayi galan a rufe, ka duba alamar API, wato matakin ingancin mai, wadda ta fara da S, kamar SL ko SN, ka guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Ka canza shi duk bayan kilomita 5,000, tare da filta, kuma kada ka manta da filtar iska a lokacin hunturu saboda ƙura.

Bakaniken ya sake cewa: Game da juye, ka bar injin ya ɗan yi ɗumi kafin ka kwance notin ƙasa, kuma ina roƙonka kada ka shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, ka ɗaure ta da hannu. Motarka tana ɗaukar kusan lita 4, amma geji ne alƙali, kada ya wuce layin sama. Tsohon man kuma ka tara shi a jarka ka kai gareji, kada ka zubar a kwata.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hayaƙin da safe kawai yake fita, don haka zan fara kai ta a duba robobin bawul ɗin kafin in sayi mai.