Abin da aka tsayar kan lambobin cutar ɗaukewar numfashi a barci

Jama'a maganar da aka yi kan lambobin da ake sa wa wannan cuta da gwajinta a takardun asibiti da na inshora ta yi tsawo, ga abin da na tsinto, a tsarin Amurka muke magana fa.

1. Kowa ya yarda G47.33 ita ce lambar wadda maƙogwaro ke toshewa, G47.31 ta wadda ƙwaƙwalwa ce ba ta aika saƙon numfashi. In likita bai faɗi iri ba sai G47.30, amma gara a koma a tambaye shi.

2. Nan aka fi daɗewa. Mai sa lamba ba likita ba ne, ko ka ga AHI (yawan ɗaukewa ko raguwar numfashi a kowace awa ta barci) 40 ɓaro-ɓaro a sakamakon gwaji ba ka da ikon sa cutar sai likita ya rubuta da kansa, haka in ya ce "ana zargi" kuma ba a kwantar da mutum ba to alamar za ka sa, kamar minshari R06.83.

3. Lambar gwajin barci na dare a asibiti 95810, in an haɗa da saita CPAP (na'urar da ke hura iska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe) 95811, ba a tura su biyun na dare ɗaya.

4. Kafin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka) ta biya kuɗin CPAP tana son AHI 15 zuwa sama, ko 5 zuwa 14 tare da wata matsala kamar gyangyaɗin rana ko hawan jini a rubuce. Sannan don ta ci gaba da biya sai an yi amfani da CPAP aƙalla awa 4 a dare, kashi 70 na darare cikin kwana 30 a jere.

Inda aka rabu shi ne Z99.89, lambar dogaro da na'ura, ga mai amfani da CPAP, wasu kullum suna sawa wasu suka ce ba dole. Ni dai na fi karkata ga a bi ƙa'idar wurin aikinka.