A ina kuka fara ganin 'yan gidan ɗan kokawa Haku?

Mai Shagon Caji: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka tafka musu da ƙanina, ya dage wai Tama Tonga jinin Roman Reigns ne tunda an sa shi a Bloodline, ƙungiyar dangin Roman a kokawar WWE. Na ce masa su Roman 'yan Samowa ne, gidan Anoa'i, Tama kuwa ɗan Tonga ne, Haku ne ya riƙe shi tun yana yaro. Ni dai sai a Afrilun 2024 na san shi, ranar da ya faɗo shirin SmackDown na WWE ya lakaɗa wa Jimmy Uso duka. Ku fa?

Tsohon Ɗan Kallo: Wa alaikumus salam. Yaro, kun zo a makare, mu uban muka sani, a kaset. Akwai gidan kallo a bayan layinmu, kaset ɗin WrestleMania na 1990 ya sha juyi har hoton na rawa, sai mai gidan ya tsayar ya goge kan bidiyon da auduga muna ta ihu. A nan Haku da Andre the Giant suka rasa kambunsu na 'yan bibbiyu a hannun 'yan biyun nan Demolition. Andre jiki ya riga ya ƙi, yana tsaye a bakin igiya, Haku ne ya yi wasan shi kaɗai, ƙafa ba takalmi. Aka gama manajansu Bobby Heenan ya sharara wa Andre mari, Andre ya haɗa shi da Hakun ya jibga. Na ji haushi ranar, mutum ya yi aikin mutum biyu kuma a biya shi da duka.

Na Zinder: Baba, ni da sunan Meng na san shi a kamfanin kokawar WCW, da uban gashin nan. Ya kan cafki maƙogwaron mutum ya ƙi saki. Na gwada wa ɗan yayata, Inna ta bi ni da muciya har ƙofar gida. Sai da na girma na gane Meng shi ne Haku, kuma wai da sumo ya fara: Sarkin Tonga ne ya tura shi Japan a 1974 yana ɗan shekara 15.

Ɗan Jami'a: Ku yi haƙuri, wanda bai kalli Tama a kamfanin kokawar New Japan ba bai san shi ba. Wasanninsu da hantsi suke zuwa mana, sau nawa na ƙone datata a bayan aji, waya cikin littafi. Yana cikin mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar Bullet Club a 2013, da Prince Devitt da Karl Anderson da Bad Luck Fale. Shi da Tanga Loa, ɗan Haku, sau 7 suna ɗaukar kambun 'yan bibbiyu na IWGP, wato na New Japan. Shi ya sa na ji ciwo da na ga WWE ta mai da su 'yan rakiyar Solo Sikoa, ƙanin Jimmy Uso. Tanga Loa ma ba yau WWE ta fara yi masa haka ba, da can ta kira shi Camacho, ta ce ɗan Meziko ne, shi ke tuƙa Hunico a keke.

Maman Biyu: Ni yara ne suka ja ni. Ina tankaɗe na ji falo ya ɗauki ihu, wani dogo ya fito a wasan Riyad na Yunin 2025 ya taya Solo kayar da Jacob Fatu. Suka ce Talla Tonga ne, ƙanin Tama. Na ce to Allah ya ƙara wa uwarsu haƙuri da tukunya.

Ɗan Jami'a: Hajiya, Hikuleo ake ce masa a New Japan, shi ya kori Jay White daga Japan a 2023, a wasan da wanda ya faɗi zai bar ƙasar.

Mai Shagon Caji: Na karanta wa ƙanin nawa duka. Ya ce ai The Rock ma kawu yake ce wa Haku, har mota ya saya masa, saboda haka shi bai faɗi musu ba.