Gwajin jini ko hoto, wanne za mu fara yi wa Mama?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Jiya da dare ciwon ciki ya turnuƙe Mama, saman cibiya har yana soka mata gadon baya ga amai. Likita ya ce fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci) ne ya kumbura don sinadarin lipase da yake fitarwa ya ninka na daidai sama da sau 3 a jininta, yanzu kuma ya rubuta gwajin jini na hanta da hoton ciki wai yana zargin tsakuwar matsarmama. Kuɗin hannunmu ɗaya kawai zai yi yau.

Ɗan Birni: Allah ya ba ta lafiya, ku ba ta zuma da habbatus sauda.

Sista Ummi: Kar a ba ta komai sai likita ya yarda. Ku yi na jinin yau, in ALT (sinadarin hanta da ake aunawa a jini) ya haura 150 cikin awa 48 na farko to kusan tabbas tsakuwa ce ta toshe hanya, in aka jinkirta yana iya sauka. Hoton gobe da safe, dama cikin ba abinci ake so.

Abban Sadiq: Wlh abin nan ya fama min ciwo. Ƙanina mai sikila haka ya yi ta fama, kullum a ce olsa ne a ɗaura masa ruwa a sallame mu, ba wanda ya ce a duba hanta alhali masu sikila suna yawan yin tsakuwar nan, sai da idonsa ya koma ɗorawa ga zazzaɓi yana karkarwa sannan aka gano. Da ya ji sauƙi ba a cire matsarmamar ba, ciwon ya dawo ya fi na farko. Ku dage a kan maganar tiyata kafin a sallame ku.

Hajjo: Dubu 8 na yi na hanta.

Ɗan Birni: A ina? Ni 15 aka caje ni. Kuma Sista ai ke ba likita ba ce.

Sista Ummi: Abin da likitansu ya rubuta nake bayani, ba zuma na rubuta ba.

Baban Gida: Tsakuwa dai? Ku ajiye min ina da gini 😂

Hajjo: Ni abin da ke ƙona min rai, ka kai sakamako daga waje a ce ba a yarda da shi ba sai ka sake a lab ɗinsu.

Abban Sadiq: Mu ma haka aka yi mana, jini ɗaya kuɗi biyu.

Maman Hanif: To in mun yi a waje za su karɓa kuwa?